Godiya bayan kare aikinmu na shafin intanet

Alhamdulillahi, an sauke nauyi. Jiya da azahar muka fito daga gaban malamai a Naraguta, harabar Jami'ar Jos, inda muka gabatar da shafin intanet ɗin da muka gina, shafin ya buɗe, rumbun bayanai ya amsa, babu abin da ya cije. Waɗanda suka bi mu tun farkon zango sun san abin da aka sha, ba sai na maimaita ba. Daren Laraba kaɗai zan tsaya a kai.

Wajen ƙarfe 11 aka ɗauke wuta. Batirin kwamfutar dama ya daɗe da mutuwa, sai ta ɗauke nan take, MySQL kuwa, manhajar da ke riƙe da rumbun bayananmu, na tsakiyar rubutu. Muka kai ta wurin Baba mai shayi na bakin layinmu a Unguwar Rogo, muka jona a janaretonsa. Apache, manhajar da ke buɗe shafin, ya tashi ya yi kore, alamar yana aiki, MySQL ya ƙi: in an danna sai ya motsa ya faɗi, jan rubutu ya cika ƙasan allon XAMPP, manhajar da muke kunna su biyun da ita. Bayanan 'yan gwarin Farin Gada da muka yi sati 3 muna shigarwa duk suna ciki. HTML da CSS da PHP ɗinmu, wato fayilolin da muka gina shafin da su, suna ajiye a intanet a GitHub, amma Git, manhajar da ke kai su can, ba ya ɗaukar abin da ke cikin rumbun bayanai sai ka fitar da shi da hannunka, mu kuwa ba mu taɓa fitarwa ba. Ɗayanmu har ya kai hannu zai goge XAMPP ya sake sakawa. Da ya yi, da aikin ya bi ruwa.

Yayanmu ɗan aji huɗu, ka ce kada in ambace ka, ka yi haƙuri, ba zan iya yin shiru ba. A ƙafa ka zo cikin sanyin nan na Jos, ba ka yi wa kowa faɗa ba. Abin da ka fara yi shi ne kwafe foldar mysql ɗungurungum a filashinka, don in gyara ya ɓaci a samu wurin komawa. Sannan ka sauya wa foldar data, inda MySQL ke ajiye bayanai, suna, ka kwafo foldar backup da ke zuwa tare da XAMPP ka mai da ita sabuwar data. Daga tsohuwar ka ɗauko foldar rumbunmu kaɗai, ka bar mysql da performance_schema da phpmyadmin. Daga ƙarshe ka ɗauko fayil ɗin ibdata1 na tsohuwar foldar ka ɗora a kan sabon, kana yi mana bayanin cewa in babu shi za a ga sunayen teburan bayanan amma su ƙi buɗewa. Da MySQL ya yi kore, ba ka bar mu mun tashi ba sai da muka shiga phpMyAdmin, shafin sarrafa rumbun, muka fitar da kwafin bayanan a fayil ɗin .sql, muka ajiye a wuri 3. Ƙannenmu masu zuwa, ku riƙa yin haka kullum, kuma ku tsayar da MySQL kafin ku kashe kwamfuta.

Allah ya saka maka da alheri, Yaya. Allah ya buɗa maka ƙofofin da ba ka zata ba, ya jiƙan magabatanka, ya sa iliminka ya amfane ka duniya da lahira. Baba mai shayi, ka bar janareto yana ci har ƙarfe 2 kuma ka ƙi karɓar kuɗin mai, Allah ya yalwata kasuwa, ya raya zuri'a. Malamarmu da ta tilasta mana ɓoye kalmomin sirri da umarnin PHP na password_hash, sai jiya muka gane dalili, don nan aka fara tambaya. Inna, kin sayar da tunkiyarki aka sayi kwamfutar nan, Allah ya ba ni ikon kai ki Makka.

Akwai 'yan uwa da suka ce wasa muke yi da kwamfuta, har yau ko waya ba su kira ba. Ba komai, Allah ya bar zumunci.

Sakamako bai fito ba tukuna, a ci gaba da sa mu a addu'a. Yaya, filashinka na wurina, zan kawo maka bayan sallar Juma'a.