Mujiyar Atina a maƙerarmu

Mu maƙeran fari ne, zobe da awarwaro muka gada. Amma aikin da ya fi fitar da sunan shagonmu yanzu shi ne kwaikwayon tsoffin kuɗin azurfa na Girka, ga masu tara kayan tarihi da masu son rataya su a wuya.

Wanda aka fi nema shi ne na birnin Atina: kan Atena, allahiyar birnin a wurin Girkawa, a gaba, a baya mujiya da ganyen zaitun da ɗan jinjirin wata. Nauyinsa giram 17 da ɗoriya. Mutanenmu kan ja baya in sun ga mujiya, sai na ce musu a can alamar hikima ce. Azurfar na asalin daga ma'adinan Lauriyon da ke kusa da Atina take, wadda da ita Atina ta ƙera jiragen ruwan da suka karya rundunar Farisa a Salamis a shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Tsibirin Egina kuwa kififiya ya sa wa nasa, daga baya ya koma kunkurun tudu. Korinti doki mai fiffike.

Girkawa buga kuɗinsu suke yi, mu ma haka muke yi. A sassaƙa zanen a juye a jikin hatimin ƙarfe, a ɗora curin azurfa a kai, a kifa ɗaya hatimin, a sauke masaba. Shi ya sa ba biyu da ke fita daidai, wani bakin ya tsage, wani mujiyar ta karkace. Baba, Allah ya jiƙansa, bai taɓa jin sunan Atina ba, amma shi ya koya min sauraren azurfa: a jefa ta a uwar maƙera, ƙararta za ta faɗi gaskiya. Na birnin Sirakus ne ke ba ni wahala har yau, saboda gashin matar da ke jikinsa, wadda dabbobin ruwan nan dolfin ke kewaye da ita. Ba banza Kimon da Ewainetos, masu sassaƙa hatiman kuɗin Sirakus, suka rubuta sunayensu a jikin aikinsu ba.

Sai ga masu zubi sun cika kasuwa. Su narka tagulla, su zuba, su shafa mata ruwan azurfa, mai saye ya zo yana ce min "Malam, can rabin kuɗinka ne." Duba gefen, za ka ga layin zubi da ƙananan ramuka. Wannan ha'inci tsoho ne, har Atina sai da ta ajiye mai gwajin kuɗi a kasuwa. Namu kowanne yana ɗauke da tambarin shago a gefe, don kada wani ya sayar da shi a matsayin na asali.