Daƙiƙa 21 na kalangu

Ranar Juma'ar da ta wuce na miƙa kwamfutar ofis da katin shiga, na yi sallama da kamfanin da na yi wa kiɗan wasannin bidiyo shekara uku a Legas. Waɗanda muka zauna ɗaki ɗaya da su sun san ba korata aka yi ba, sun kuma san ba don daɗi na tafi ba. Tun ranar da masu zuba jari suka zo ganin wasanmu zamana a wurin ya fara tsami, sauran watannin duk jan ƙafa ne.

Ni ɗan situdiyon Kano ne, a Titin Gidan Zoo na koyi sana'a. A can darakta zai kawo maka fim an gama tacewa, ya ce a minti kaza yarinya za ta fashe da kuka, kai kuma ka ajiye sarewarka daidai wurin, shi ke nan. Ko sau dubu aka kalla, a wannan daƙiƙar za ta yi kukan. Da wannan tunanin na shiga harkar wasa, kuma na daɗe ban gane cewa a nan babu wanda ya san yaushe yarinyar za ta yi kuka ba. Mai riƙe da waya shi ne darakta, shi kuma bai karanta labarin ba, bai yi wa kowa alkawarin bin hanya ba. Yana iya tsayawa minti biyar yana fasa tulunan kasuwa alhali gari na ci da wuta.

Ga yadda wurin yake a wasanmu. Jarumar wasan da yayanta sun kori mahara daga ƙofar gari, sai kiɗan nasara ya tashi, kalangu a gaba, goge na amsawa. Daga nan ta bi wani dogon lungu, a ƙarshensa ta tarar da yayan kwance, kibiya ta same shi, yana maganarsa ta ƙarshe. Kiɗan nasarar nan har yau ban yi abin da ya kai shi ba, kuma shi ne ya kayar da ni. Bugu 90 yake yi a minti, gaɓa takwas, kowace gaɓa bugu huɗu. In ka lissafa bugu 32 ke nan, daƙiƙa 21 da 'yan kai, sannan ya zagayo ya sake farawa. A cikin FMOD, manhajar da muke tsara sautin wasa da ita, kai ne kake nuna inda aka yarda kiɗa ya fita ya ba wani wuri. Ni ƙofa ɗaya tak na bar masa, a ƙarshen gaɓa ta takwas. Dalilina kuwa, amsar gogen tana gaɓa ta bakwai da ta takwas, kuma raina bai yarda a yanke ta a tsakiya ba. Na kwantar wa kaina da hankali da lungun: da zarar jarumar ta sa ƙafa a cikinsa wasan zai aiko da umarnin canji, tafiyar kuma tana cin wajen daƙiƙa 30. Ko ta halin ƙaƙa kiɗan zai kai ƙofarsa kafin ta isa.

Wata biyu kafin abin ya faru, yarinyar da ke mana gwaji ta zo ta tsaya a kaina, abin sauraro rataye a wuyanta. Ta ce, "Malam, kiɗanka fa yana bi na har wajen gawa." Na ce ta nuna mini. Ashe ita ba tafiya take yi a lungun ba, gudu take tana haɗawa da tsalle, cikin daƙiƙa 15 ta fita. Na kalla, na ji kalangun ya ɗan leƙa cikin wurin mutuwar, na ce mata ai babu mai hankalin da zai buga wasa haka. Ta yi shiru, ta koma kujerarta, ta rubuta shi cikin jerin kurakurai. Ni da hannuna na rufe shi, na rubuta cewa ba matsala ba ce. Wannan laifina ne, ban taɓa musu ba.

Abin da ban sani ba shi ne, daren jajiberin zuwan baƙin, oga ya zauna da mai tsara matakan wasan ya ce lungun ya yi tsawo, masu kuɗi ba su da haƙurin kallon yarinya tana tafiya. Suka cire shi ɗungurungum, suka sa ƙofa a madadinsa. Ba wanda ya kira ni, ba wanda ya turo ko layi ɗaya. Da safe aka zaunar da mutum huɗu a gaban babban allo, oga da kansa ya riƙe abin bugawa. Aka ci yaƙi, kiɗa ya tashi, ya tura ƙofa. Tsautsayi kuma ba ya wuce ranarsa: umarnin canjin ya faɗo daidai lokacin da kiɗan ya zagayo gaɓar farko. Yayan yana kwance yana numfashi sama-sama, yana ce wa ƙanwarsa ta kula da mahaifiyarsu, kalanguna yana ta zuba kamar ana kamun amarya. Ina tsaye a baya ina ƙirga gaɓoɓin a zuci, ta uku, ta huɗu, na san babu abin da zai tsayar da shi. Ɗaya daga cikin baƙin yana ta gyaɗa kai yana bin kiɗan. Na kusa da shi ya rufe baki da hannu. Gogen da na yi wa gata ya shigo ya yi amsarsa tsaf, bai yi kuskure ko ɗaya ba, daidai lokacin da yayan ya cika.

Bayan sun tafi aka tara mu. Oga ya ce a gaban kowa, "Matsalar sauti ce, kuma za a gyara." Bai ambaci lungu ba. Mai tsara matakan ya sunkuyar da kai yana wasa da murfin biro. Tarihin sauye-sauyen aikin yana nan, kowa na iya buɗewa ya ga an taɓa wurin da ƙarfe 11:40 na dare, ya ga da sunan wa. Ban buɗe baki ba. Na ga in na ce an cire lungu, za a ce to me ya sa kiɗanka ya dogara da lungu, kuma tambayar tana da gaskiya. Sai dai gaskiyarta ba ta wanke wanda ya san mu biyu muka yi ɓarnar ya bar ni ni kaɗai a rana ba. Kuɗin bai zo ba. Ko kiɗan ne sila ko wani abu daban, a ofis dai an riga an yanke hukunci.

Abin kunyar shi ne, matsalar ba sabuwa ba ce. Tun 1991 Michael Land da Peter McConnell suka fito da iMUSE a kamfanin LucasArts, a wasan Monkey Island 2, inda kiɗan garin Woodtick ke sauya kama duk ɗakin da ka shiga ba tare da ka ji ɗinkin ba, da kwamfutocin da wayar hannunka ta fi su ƙarfi nesa ba kusa ba. Masu Red Dead Redemption a 2010 sun ɗaure kansu, suka naɗi kiɗansu a kan bugu 130 a minti da maɓallin kiɗa guda, wato key, don kowane yanki ya iya hawa kan ɗan'uwansa a duk lokacin da wasa ya buƙata. Duk na san wannan, har na sha ba wasu labari. Ban ma buƙaci zuwa Amurka ba. Ina yaro ana kai ni gidan dambe, na ga yadda makaɗi ke yi: idonsa na fili, kowane ɗan dambe da takensa, ana yin kisa hannunsa ya juya nan take. Ban taɓa ganin wanda ya ce wa 'yan kallo su dakata ya ƙarasa baitinsa ba.

Sati uku na yi ina warware aikin. Na buɗe ƙofa a ƙarshen kowace gaɓa, jira mafi tsawo ya dawo ƙasa da daƙiƙa uku. Na naɗi 'yan gajerun gadoji na kalangu don fitar ta yi kama da niyya. Na raba kayan kiɗan hawa-hawa, yadda za a iya janye ganga a bar goge, ko a janye duka. Sannan na roƙi mai rubuta manhaja ya ba ni umarni guda da ya fi kowane ƙarfi, wanda in labari ya kira shi komai zai yi shiru cikin rabin daƙiƙa, ko ina kiɗa yake. Wurin mutuwar yayan yanzu babu kiɗa sam, iska ce kawai da numfashinsa. A taron ƙarshen shekara na ji oga yana gaya wa baƙi cewa shirun nan shawara ce da "muka" yanke don girmama labarin. Na sha ruwana.

Sauran darussan da na koya ba su da tsawo. Ka gwada kiɗanka a lasifikar waya mai araha, don duk ƙaurin gangar da kake taƙama da shi a situdiyo ba ya fita a can. Kiɗan da ya burge ka a ji na farko shi ne zai gundiri mai wasa a ji na arba'in. Ka zauna da marubucin labari tun kafin a zana taswira, kada ka jira a kawo maka jerin wurare a ce cika. Duk abin da aka faɗa maka a baki, ka tura saƙo ka ce kamar yadda muka yi magana. Mai gwaji kuma in ta ce ta ji wani abu, to ta ji.

Na bar wa wanda zai gaje ni takarda shafi huɗu. Layin farko ya ce kafin kowane baje koli ya buɗe tarihin sauye-sauye da kansa, ya duba wa ya taɓa me da daddare, ko da an rantse masa ba a taɓa komai ba. Da zan fita na biya ta teburin yarinyar gwajin, na ce mata kuskuren nan da na rufe, ita ce da gaskiya. Ta cire abin sauraro daga kunne ɗaya ta ce, "Wanne daga ciki, Malam?"