Haruffa masu kishingiɗa da ƙugiyarmu

Jiya na kai ƙarfe ɗaya na dare ina tsara shafin hira a wata mujalla. Na ciro jumla ɗaya daga bakin dattijuwar da aka zanta da ita, na ƙara mata girma a tsakiyar shafi, na sa ta da italik, wato haruffan nan masu kishingiɗa. Wallahi sai shafin ya yi taushi, kamar ana jin muryarta.

Ina son italik na gaske, wanda aka zana kowane harafinsa daban. Dubi "a" da "f" ɗinsa, za ka ga sawun alƙalami. Asalinsa ke nan: a 1501, a birnin Benis na Italiya, Aldus Manutius ya buga ƙananan littattafai da haruffan da Francesco Griffo ya sassaƙa yana kwaikwayon rubutun hannun malaman zamanin. A lokacin manyan baƙaƙen ma a tsaye suke, ƙananan ne kawai suka karkata.

Daga nan damuwata ta taso. Jumlar na ɗauke da "ƙasa" da "ɗiya", salon haruffan da na zaɓa kuwa ba shi da ƙ, ɗ ko ɓ. Kwamfuta ta aro su daga wani salon, suka tsaya ƙiƙam cikin kalma. Abin ya yi mini ciwo, don ba zan cire wa Hausa ƙugiyarta saboda ado ba.

Na koma wani salon haruffa mai suna Gentium, wanda aka zana su duka a cikinsa har a italik. Ƙugiyar ƙ ta bi karkatar sauran haruffa, na daɗe ina kallonta kafin na kwanta.