Mun gwada tayar da kwamfutoci 12 ba intanet, ba sabar

Da ƙarfe 5:09 na asubar Juma'a, 19 ga Yulin 2024, agogon Najeriya da Nijar, kamfanin CrowdStrike ya tura wani ɗan ƙaramin fayil zuwa kwamfutocin da ke ɗauke da manhajarsa ta tsaro, Falcon. Da 6:27 ya janye shi. A cikin waɗannan mintuna 78, kwamfutocin Windows masu Falcon sigar 7.11 zuwa sama da ke kunne a kan intanet suka karɓi fayil ɗin, suka faɗi da shuɗin allo, suka tashi, suka sake faɗuwa. Microsoft ta ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 abin ya shafa. Kamfanin jiragen sama na Delta kaɗai ya soke tashi kusan 7,000.

A ofishinmu wata manhajar tsaro daban muke amfani da ita, don haka wutar ba ta iso mu ba. Amma in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Tamu ma a can cikin zuciyar Windows take zaune, inda kuskure ɗaya ke kayar da na'urar gaba ɗaya, kuma ita ma tana karɓar sabuntawa kullum ba tare da ta tambayi kowa ba. Abin da ya kayar da Falcon ɗan kaɗan ne: an tsara fayil ɗin, mai lamba 291, a kan gurabun bayanai 21, manhajar kuwa 20 take miƙawa. Tun watan Maris ake tura irinsa lafiya domin babu wanda ya nemi abin da ke gurbi na 21. Na ranar ya nema, manhajar ta leƙa wurin da ba nata ba a ƙwaƙwalwar kwamfuta, Windows ta tsaya cak.

Sai muka ware wata Asabar. Na zaɓi kwamfutoci 12, bakwai na tebur, biyar na hannu, na ajiye fayil na banza a foldar direbobin kowacce, wato ƙananan manhajojin da ke haɗa Windows da sassan kwamfuta. Aikin shi ne a goge shi ba tare da an bar Windows ta tashi yadda ta saba ba. Sharaɗi ɗaya na gindaya: a ɗauka sabar, babbar kwamfutar da ke riƙe da tsarin ofis, ta mutu, ba mai taɓa ta, ba mai buɗe imel ɗin ofis. Takarda, filashi da wayar hannu kawai.

A rubuce, gyaran na Yuli layi huɗu ne. Ka shiga Safe Mode (tashin Windows da muhimman sassanta kawai) ko allon ceto na Windows, ka je C:\Windows\System32\drivers\CrowdStrike, ka goge fayil ɗin da ya dace da C-00000291*.sys, ka sake kunnawa. Shiga allon ceton ma ba wuya: in ka katse tashin kwamfuta da maɓallin wuta sau biyu a jere, a na uku da kanta za ta kai ka can.

BitLocker, tsarin Windows na kulle faifai, shi ne ya fara tsayar da mu. Kwamfutar da aka kulle faifanta ba za ta bar ka ka taɓa fayil ko ɗaya daga allon ceto ba sai ka shigar da makullin ceto, lambobi 48 a rukuni takwas, shida-shida. Namu makullan duk suna cikin Active Directory, wato a kan sabar da muka ce ta mutu, wadda kuma manhajar tsaro iri ɗaya take ɗauke da ita. Kamfanoni da yawa sun faɗa wannan rami a watan Yuli: makullin ɗaki yana cikin ɗakin. Dole muka karya sharaɗinmu muka buɗe sabar, a nan kuma muka tarar uku daga cikin 12 ba su da makulli a can sam. An kulle faifansu tun kafin a shigar da su tsarin ofis, makullin bai taɓa hawa sabar ba. Da ranar gaske ce, da ba mu da makullin buɗe faifansu daga allon ceto.

Gyaran wannan sai kwamfuta tana da rai. Ka buɗe Command Prompt da izinin admin, ka rubuta manage-bde -protectors -get C: ka ga makullin da lambar shaidarsa. Sannan manage-bde -protectors -adbackup C: -id tare da waccan lambar shaida, ya tura shi sabar. Mun bi duk kwamfutocin ofis haka, muka buga jerin a takarda, aka rufe a ambulan, aka sa a sef. Jerin da lambar shaida muka tsara shi, ba da sunan ma'aikaci ba, domin haruffa takwas na farkonta ne allon ke nunawa, kuma kwamfuta tana sauya hannu. Idan ta waya za ka karanta wa wani makullin, ka bi rukuni-rukuni, ya maimaita maka kowanne kafin ka wuce. Kowane rukuni yana rabuwa da 11 daidai, don haka ko da kalkuleta za a gane wanda aka yi kuskure a cikinsa.

Kalmar sirrin admin ta kowace kwamfuta ita ma a sabar take, kuma tana sauyawa da kanta lokaci-lokaci. Safe Mode yana iya neman ta. Wannan takarda ba ta magance shi, tunda abin da ka buga yau zai tsufa. Muka koma ga filashi.

Filashin da ke tayar da kwamfuta da Windows PE, ƙaramar Windows ta aikin gyara, ya tsallake maganar kalmar sirri, kuma irinsa Microsoft ta fitar kwana ɗaya bayan abin ya faru. Namu ya yi aiki a kan duk na tebur. A kan sababbin na hannu guda biyu ya tashi amma bai ga faifai ba ko kaɗan, kamar babu shi. Dalili shi ne an saita faifan a ƙarƙashin Intel VMD, wani tsarin sarrafa faifai, filashin kuma ba shi da direbansa. Akwai masu ba da shawarar a shiga BIOS a mayar da saitin zuwa AHCI. Kada ka yi. In ka manta ba ka mayar ba, Windows za ta ƙi tashi da wani shuɗin allon daban, ka ƙara wa kanka aiki. Ka sauko da direban Intel RST daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, ka sa a filashin, ka loda shi da drvload. Yanzu filashi huɗu gare mu, kowanne an gwada shi a kan kowane samfurin kwamfuta da muke da shi.

Wani abin da ya ci mana lokaci: a allon ceto, ba lallai faifan Windows ya zama C: ba. A kan biyu D: ya zama. Abokin aikina ya rubuta umarnin daidai, aka ce babu fayil ɗin, ya ɗauka ya gama. Ka fara da diskpart, sannan list volume, ka ga harafin da idonka.

Kwamfutar da komai nata ya cika, minti bakwai ta ɗauka. Mai matsalar direba ta kai minti 25. Ka ninka wannan da yawan kwamfutocinka, ka raba da yawan hannayen da ke iya aikin, za ka san ko yini ɗaya kake magana ko mako.

Akwai abin da na daɗe ina dogara da shi wanda ya zama ba kariya ba ce. Mun saita manhajarmu ta riƙa zama siga ɗaya a baya, don wasu su fara ɗanɗana sabuwa. Masu Falcon da suka yi haka ma sun faɗi, domin saitin ya shafi manhajar ce kawai, fayilolin gano barazana kuwa kai tsaye suke zuwa wa kowa. Bayan abin ne CrowdStrike ya ba kwastomomi ikon tsara isowarsu. Na rubuta wa kamfanin tamu manhajar tambaya ɗaya: waɗanne sabuntawa ne ke tsallake saitin jinkiri? Yanzu kwamfutoci biyar ke fara karɓa, sauran bayan sa'o'i huɗu, sabar a ƙarshe. Jinkirin yana da farashi, domin sa'o'i huɗu ne da sabuwar barazana za ta iya samun mu a buɗe, amma na zaɓi hakan. Kuma ba sabon ciwo ba ne: a Afrilun 2010 wata sabuntawar McAfee, mai lamba 5958, ta ɗauki svchost.exe, wani muhimmin fayil na Windows XP, a matsayin ƙwayar cuta.

Inda raina ya fi ɓaci shi ne kafafen sada zumunta. A ranar 19 ga Yulin na zauna ina bin labarin don in san ko tamu manhajar na ciki, kuma dandalin da nake kai bai nuna mini abubuwa a jere bisa lokaci ba. Barkwanci da hotunan filayen jirgi suna sama, matakan gyara suna can ƙasa. Wasu na cewa kutse ne, ba kutse ba ne. Wasu na ɗora wa Microsoft, domin an samu wata matsala daban a Azure, tsarin sabobinta na intanet, sa'o'i kaɗan kafin nan, aka cakuɗa biyun. Wani bayani ya yaɗu sosai cewa fayil ɗin sifili ne zalla shi ya sa, kamfanin ya ce ba haka ba ne, amma ƙaryatawar ba ta kai inda jita-jitar ta kai ba. Alamar tantancewa da a da take nuna wane ne wane, yanzu a wasu dandalin da kuɗi ake sayenta. Masu taimako da gaske kuma hoton umarni suke sakawa, ba a iya kwafa, sai ka ƙirga sifili biyar na C-00000291 da ido a ƙaramin allon waya.

Mafi muni, 'yan damfara ba su jira ba. Aka yaɗa fayil mai suna crowdstrike-hotfix.zip, wanda a cikinsa akwai manhajar leƙen asiri ta Remcos, aka buɗe shafukan bogi masu kama da na kamfanin. Mutumin da kwamfutarsa ta mutu, shugabansa na tsaye a kansa, zai danna duk abin da aka ce masa magani ne.

Saboda haka a cikin ambulan ɗin makullai mun ƙara shafi ɗaya: adireshin shafin sanarwa na kamfanin manhajarmu, lambar wayarsu, lambar kwantiraginmu, da sunan shiga na mutum biyu, tunda sanarwar farko ta CrowdStrike ma sai wanda ya shiga da asusunsa ya gan ta. Ma'aikata kuma mun gaya musu cewa in allo ya yi shuɗi, su ɗauki hotonsa su kira mu, kada su sauko da komai daga ko'ina.

Abin da ba mu warware ba tukuna shi ne kwamfutocin hannu da ke tare da ma'aikata a wasu garuruwa. A gwaji na gaba za mu zaunar da mutum ɗaya wanda ba aikinsa ba ne a wani ɗaki, da filashi a hannunsa, ni kuma in bi da shi ta waya tun daga maɓallin wuta har goge fayil, agogo yana ƙirgawa.