Inda Aka Kwana a Neman Babban Mashin Na Hannu a Zariya

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon harkar manyan babura. Waɗanda muka tattauna da su kafin azumi sun san ina neman mashin na doguwar tafiya, na hannu, da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. To, Allah Ya yi, mashin ya shigo gida. Honda Transalp ne mai inji 650, irin wanda kamfanin ya fara fitarwa a shekarar 2000 bayan tsohon 600 ɗin nan na 1987. Ga yadda aka yi, da kuma aikin da ya rage a kansa.

Tun kafin in je kallon ko ɗaya na raba kuɗina gida uku. Kashi biyu na saye ne, kashi ɗaya kuwa na gyara da takardu da hular kwano, kuma na sa wa raina cewa ko mashin ɗin Aljanna aka nuna mini ba zan taɓa wannan kashi na ukun ba. Wannan rabon ne ya fitar da 'yan Kwatano daga lissafina gaba ɗaya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi a bayansa, duk abin da aka sauko da shi daga jirgin ruwa ya fi ƙarfin ma'aikaci irina. Amma tsadar man ta buɗe wata ƙofa: akwai mutane a Zariya da Kaduna da Kano da suka sayi manyan babura lokacin ana cikin daula, yanzu sun jingine su a zaure ƙura na ci. Irin waɗannan na bi.

Na ga da yawa, ba sai na lissafa ba. Akwai wani na tsere mai silinda huɗu a Tudun Wada, jawur, ƙararsa kaɗai tana tara yara. Ka hau shi ka kifa ciki a kan tanki, kafin ka kai Kwanar Dangora bayanka ya gaya maka gaskiya, ga cikinsa dab da ƙasa, kowane tudun kan titi sai ya karce shi. Akwai BMW da aka yi mini tayinsa da araha har na ji tsoro. Bakanikena na Sabon Gari ya zagaya shi, ya tsuguna, ya miƙe ya ce, "Malam, in wannan ya ƙi tashi, ni da kai duk 'yan kallo ne, sai an ɗauko mai kwamfuta daga Abuja." Wanda ya tsaya mini a rai shi ne Suzuki V-Strom 650. Mashin ne na ƙwarai, tankinsa na cin lita 22, ba ni da abin da zan kushe shi da shi. Matsalar ita ce ba kafireto gare shi ba, famfon mai ne a cikin tanki yake tura wa inji. Wanda kuwa zai bi ta Pambeguwa da Saminaka dole wata rana ya sha man 'yan bumburutu, kuma dattin galan ba ya yi wa irin wannan famfo daɗi. Kafireto in ya toshe, bakaniken kowane ƙauye zai kwance ya wanke ya mayar.

Ma'aunin da na yi amfani da shi ke nan daga farko har ƙarshe: in ya mutu mini a hanya, wa zai iya taɓa shi? Transalp yana da kafireto biyu, sarƙa ce ke jan ƙafar baya, tayoyinsa masu tif ne a kan sifok, saboda haka duk mai faci zai iya da su. Ƙafar gaba inci 21 ce, wadda ke haye rami ba ta faɗa ciki ba. Na san ba shi da kwarjinin da zai sa a juyo a Kwangila a kalle ka. Ni ma ba don a kalle ni na tara kuɗin ba.

Mai shi wani dattijo ne ta wajen Samaru, ɗansa ne ya saya ya tafi karatu ya bar shi. Na roƙi dillali abu ɗaya: kada kowa ya tayar da mashin kafin mu iso. Muka je bayan asuba, sanyi bai saki gari ba. Bakanike bai ce komai ba bayan gaisuwa, sai ya ɗora bayan hannunsa a jikin silinda, ya ji sanyi ƙalau, sannan ya zaro ma'aunin baƙin mai ya murza ɗigon a yatsa ya kai hanci. In man ya yi fari kamar an zuba madara, ruwan lagireto ne ke shiga inji, a nan za mu yi sallama mu tafi. Baƙi ne kawai na tsufa. Ya ja cok, ya danna sitata, inji ya kama a bugu na biyu. Farin tururi ya ɗan fito a salansa ya ɓace. Shuɗin hayaƙi muke tsoro, don shi ke nuna inji na cin mai, ba mu kuwa gan shi ba. Muka bar shi yana aiki a tsaye har fankar lagireto ta tashi da kanta. Kada ku yi gaggawar wannan gwajin. Mashin mai ruwa da fankarsa ba ta aiki, ranar da cunkoson PZ ya riƙe ka a watan Afrilu za ka ji a jikinka.

Wurare biyu ne aka san wannan samfurin da rauni, kuma a kansu muka daɗe. Na farko wuta. Muka ɗora mita a kan batir, aka ba shi totur, ya kamata ta nuna wajen volt 14. In ta tsaya a 12 da ɗoriya, batir ba ya samun caji. In ta haura 15, dafa shi ake yi. Namu ya nuna 13 da 'yan kai, yana hawa yana sauka. Bakanike ya cire marfin gefe ya lalubo soket mai wayoyi rawaya guda uku da ke zuwa wurin ratifaya, wato na'urar da ke daidaita cajin batir, sai ga robar ta narke gefe ɗaya, ta yi baƙi. Ya nuna wa dattijon, ya nuna mini. Na biyu ya fi haɗari, mutane kuma ba sa dubawa don sai an kwance marfi: sandar da ke fitowa daga giya, wadda ƙaramin farantin sarƙa ke zaune a kanta. Tana da tsage-tsage da farantin ke kamawa. In an daɗe ana ɗaure sarƙa tamau, ko an sa faranti na bogi, tsagen sai ya cinye, gyaransa kuwa sai an farke inji gida biyu. Dillali ya so ya hana, wai ba a kwance kayan mutane kafin ciniki. Dattijon ya ce a kwance. Muka girgiza farantin da hannu, wasansa kaɗan ne, tsagen suna nan a tsaye, babu jan garin tsatsa. A nan ne zuciyata ta saya, ko da yake fuskata ba ta nuna ba.

Tayoyi kuwa ido ya ce lafiyarsu lau, zane bai goge ba. Amma a gefen kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko makon da aka yi ta, biyun ƙarshe shekara. Ta baya ta nuna ta haura shekara goma, roba ta bushe, ga 'yan tsage a tsakanin zanen. Na ɗana shi zuwa Shika na dawo. Giya biyar duk suna shiga, kuloci bai zamewa, sai dai kan mashin yana ɗan maƙalewa a tsakiya, alamar boris ɗin wuya ya tafi.

Da waɗannan uku na zauna ciniki, soket da taya da boris. Na ce, "Baba, ba raina kaya na yi ba, mashin ɗinka mai kyau ne, amma ga abin da zan kashe kafin ya kai ni Kano." Na yi tayi ya ce albarka. Aka sha shayi, dillali ya kai gwauro ya kai mari, can dattijon ya ce, "Ɗana, ƙara kaza, Allah Ya sa alheri." Na ƙara, ya sallama. La'adar dillali mun yanke ta tun a waya, saboda haka babu ja-in-ja.

Kafin in tura ko kobo sai da muka zauna a kan takardu. Lambar jikin mashin mai harafi da lamba 17 tana buge a wuyan firam, na karanta ta ɗaya bayan ɗaya bakanike yana bi a takardar kwastan da ta rajista, haka lambar inji. Aka rubuta takardar ciniki da shaidu biyu, ɗaya maƙwabcinsa ne da unguwa ta sani. A halin da ake ciki a Arewa, babban mashin ba ya wuce shingen jami'an tsaro ba a tsayar da shi ba, kuma ranar da lamba ta saɓa da takarda ba mashin kaɗai za a riƙe ba. Ku kuma tambayi makulli na biyu. Na wannan samfurin yana da na'ura a cikin kansa da inji ke ganewa, mai yankan makulli na kasuwa zai yanka maka wanda zai juya amma mashin ba zai tashi ba. Dattijon ya shiga ciki ya daɗe, ya fito da shi a cikin gwangwanin alawa.

Yanzu kashi na ukun nan ne ke aiki. An juye baƙin mai da matacinsa, an zuba na babura mai alamar JASO MA, don kulocin yana wanka a cikin man ne, wasu mayukan mota kuma suna sa shi sulɓi. An yanke soket ɗin da ya narke aka haɗa wayoyin da dalma, caji ya zauna a 14. Fulogi huɗu gare shi, biyu a kowace silinda, duk an sauya. Matacin iska yana ƙarƙashin tanki, da muka ɗaga mun tarar da ƙurar hunturun shekaru ta toshe shi. Ruwan birki ya koma kalar shayi, shi ma an zubar an sa sabo. Boris ɗin wuya an samo a Kofar Ruwa ta Kano ta hanyar tafiya da tsohon a aljihu.

Ni kaina ina kan koyo. Wanda ya saba da Boxer zai sha mamaki, don wannan da cikakken tanki ya haura kilo 200, kuma nauyin a sama yake. Gudu ba shi ne wahala ba, juyawa a lungu ne da tsayawa a kan yashi. Da sassafe nake zuwa wani fili ta bayan Basawa ina zagaye a giya ɗaya, ina riƙe shi da rabin kuloci da birkin baya, ido a inda zan je ba a ƙasa ba. Ina kuma cika tanki in rubuta kilomita, don in san ainihin shan mansa kafin in yi lissafin hanya.

Abin da ya rage shi ne saitin bawul, da daidaita kafireton biyu, da babbar magana, tayar baya. Ta gaba an samu a Kaduna. Ta baya mai inci 17 duk wadda aka kawo mini ta Beljiyam ce da shekarunta suka kusa na wadda zan cire, sabuwa kuma sai an yi oda daga Legas. Ba zan hau titin Kano ba sai ta iso, Jos kuwa sai bayan damina. Duk wanda ya san mai sayar da sabuwa a Kano ko Panteka, ya taimaka ya duba lambar shekarar kafin ya kira ni.