Ure bayan albasa ta fara kai

A garkar da nake aiki a fadamar Gulbin Maradi, wajen Jiratawa, na raba fangalai gida biyu a rani guda. Iri ɗaya ne, 'yar Galmi, dashe ɗaya a farkon Disamba, ban ruwa ɗaya. Kowane fangali mai murabba'in mita 10 ya samu takin gida ruɓaɓɓe kilo 20 da takin zamani NPK 15-15-15 (mai naitirojin, fosfor da fotash) giram 300, aka cuɗa su da ƙasa kafin dashe. Cuɗawar dole ce. Sinadarin fosfor ba ya bin ruwa ya nutse, saiwar albasa kuma gajera ce ba ta yawo, in ka watsa shi a sama nan zai zauna. Ɗanyen kashin shanu kuwa ƙona dashe yake, ya kawo ciyawa.

Bambancin a takin ure yake. Duka biyun na ba kowane fangali giram 50 a kwana 20 bayan dashe, da wani 50 a kwana 40, kullum a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ruwa ya biyo nan take. Ure kashi 46 cikin 100 naitirojin ne, a ƙasa mai rairayi ruwa na wanke shi da wuri, shi ya sa ake rarraba shi. Ɓangare na biyu kaɗai na ƙara wa giram 100 a kwana 70, lokacin da kai ya fara kumbura.

A ido, na biyun ya fi burgewa: lawashi kore shar, ya kai gwiwa. Maƙwabta har tambaya suke me na zuba. Amma da Maris ya yi, na farkon ya kwantar da ganye, wannan ya ƙi. Na ciro ɗaya na matsa wuyanta, kauri kamar babban yatsa, ruwa na tsattsafowa. Wuyan da bai bushe ya rufe ba, ta nan ruɓa ke shiga. Wasu kuma sun rabe biyu, 'yan tagwai, waɗanda dillali ke warewa gefe.

A rudu, wato rumbun ajiyar albasa, aka yi ta ta ƙare. Kafin damina ta zauna, manyan kawunan ɓangare na biyu sun fara laushi daga wuya suna wari, kowane mako sai na tsince na zubar. Na farkon, matsakaita masu tauri da ɓawo ja mai sheƙi, su suka kai lokacin da buhu ya yi kuɗi.

Ganye ake ciyarwa tun da wuri, domin kowane ganye zobe ɗaya ne a cikin kai. Taurin kai da juriyar ajiya, fotash ke taimaka musu, yaji kuma daga sulfa yake. Yanzu daga kwana 45 ba na sake taɓa buhun ure. In rabin lawashi ya kwanta na yanke ruwa, in jira kwana 10 zuwa 15, in cire, in bar ta ta sha iska ƙarƙashin ganyenta kafin a yanke wuya.