Tarihin Rayuwar Gonar Klein Constantia, Kashi na Uku: Mutuwar Kuringa da Farfaɗowarta

A makon jiya mun tsaya a 1823, shekarar da aka yanke Klein Constantia daga tsohuwar gonar da gwamna Simon van der Stel ya kafa a 1685 a bayan Dutsen Tebur, kusa da Kef Tawun a Afirka ta Kudu. A lokacin giyar Constantia mai zaƙi ta yi suna a fadojin Turai, har Napoleon ya riƙa shan ta a tsibirin Sant Helena inda aka tsare shi. Kada a manta da masu gumin: bayi ne da aka kwaso daga Madagaska, Mozambik, Indiya da tsibiran Indonesiya suka yi noman, har zuwa 1834 da aka soke bauta. A bakin ƙofar gonar ma akwai hubbaren Shehu Abdurrahman Matebe Shah, wanda Turawan Holan suka koro daga Sumatra a ƙarni na 17. Hukuncin giya sananne ne ga mai karatu musulmi. Abin da muke bi a nan tarihi ne da ilimin noma.

Masifu uku suka durƙusar da gonar. A 1859 farar fumfuna ta shigo yankin, tana lulluɓe ganye da 'ya'ya, fatar inabi ta tsage kafin ta nuna. Maganinta barbaɗa garin farar wuta tun kuringa, wato itacen inabi, na toho. A 1861 Ingila ta janye sassaucin harajin da take yi wa giyar Kef, ta Faransa ta ƙwace kasuwa. Ta ukun ita ce ta gama da komai: a 1886 ƙwaron filoksera ya ɓulla. Ƙwaro ne ɗan mitsitsi da ke tsotsar saiwa a ƙarƙashin ƙasa, raunin ya ruɓe, kuringa ta yi ta ƙanjamewa har ta bushe cikin 'yan shekaru. Feshi ba ya kai wa gare shi. Mafita ɗaya aka samu, wato aurar da reshen inabin Turai a kan saiwar inabin Amurka, wadda ke jure cizonsa.

Kusan shekara ɗari babu wannan giya. Sai a 1980 Duggie Jooste ya sayi gonar, ya nemi shawarar Farfesa Chris Orffer na Jami'ar Stellenbosch, aka sake dasa irin Muscat de Frontignan mai ƙananan 'ya'ya da ƙamshi. Ross Gower, mai haɗa giya a gonar, ya haɗa ta farko daga girbin 1986, aka sa mata suna Vin de Constance, a kwalba mai rabin lita.

Aikin duka ya rataya ne a kan abu guda: inabi ya bushe a jikin kuringa ba tare da ya ruɓe ba. A yankin Sauternes na Faransa, inda su ma ake yin giya mai zaƙi, wata fumfuna ake bari ta tsotse ruwan 'ya'yan. A Klein Constantia kuwa rana da iska ake dogara da su. Ana tsinke ganyen da ke inuwantar da nonon inabi, iskar kudu maso gabas da ke tasowa daga teku ta ratsa, 'ya'yan su yanƙwane su koma zabibi. Ruwan sama a wannan gaɓa babbar asara ce, domin fata ta jiƙe ta fashe, ruɓa mai warin tsami ta shiga. Tsuntsaye da gwaggon biri daga dutse su ma suna jiran zaƙin.

Shi ya sa ba a girbe rana ɗaya. Daga ƙarshen Janairu zuwa wajen Afrilu ake ta zagayawa. Tsinkar farko ta 'ya'ya masu sauran tsami ce, ta ƙarshe kuma zabibi ne da ake tsinta ɗaya-ɗaya da hannu. A ganinmu tsinkar farkon nan ce ginshiƙi, ko da yake zabibin ake yabo: in babu tsami, abin zai fito kamar zuma da aka dama da ruwa, ya gundiri harshe.

Zabibi ba ya ba da ruwa in an matse shi haka nan, don haka ake jiƙa shi kwanaki cikin ruwan inabin farko har fatar ta yi laushi, sannan a matse a hankali. Lissafin yisti kuwa sananne ne: kimanin giram 17 na sukari a lita ke ba da kashi 1 cikin ɗari na barasa. Da barasa ta kai wajen kashi 14, yisti ya gaji ya tsaya, sukarin da ya rage, sau da yawa sama da giram 150 a lita, shi ne zaƙin. Ba a ƙara barasa daga waje. Haɗarin shi ne sukari ya yi wa yisti yawa tun farko, ya wahala, ya riƙa fitar da tsamin binega, ko ya tsaya da wuri. Saboda haka ake gauraya kashi mai kauri da mai sauƙi, ana auna sukari da zafi kullum. Bayan nan sai gangunan katakon oak, inda take kwana shekaru kafin kwalba, ana cike gurbin abin da ya tsane don kada iska ta ɓata ta.

Mako mai zuwa za mu shiga aikin datsar rassa a watannin Yuli da Agusta, da sauyin da aka samu bayan sayar da gonar a 2011.